Soyayyen dankalin Hanuka: daga ina ya fito, kuma me ya sa nawa ya sha mai?

Tambaya: Wata Hajiya da ke zaune a Niyok ta rubuto cewa maƙwabciyarta Bayahudiya ta aiko musu da wani soyayyen dankalin turawa a watan Disamba, gogagge, an soya shi faffaɗa kamar tafin hannu. Ta ce mata sunansa latkes, abincin bikinsu ne na Hanuka. Yara suka cinye suna neman ƙari. Da Hajiya ta gwada da kanta sai nata ya yi toka-toka, ya sha mai, rabi ma ya wargaje a kasko. Tana son sanin me ya haɗa dankali da wannan biki, da kuma inda aikin nata ya karkace.

Amsa: Hajiya, man nan da ya ɓata miki suya shi ne dalilin abincin gaba ɗaya, saboda haka daga kansa zan fara, sannan mu shiga kicin.

Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Birnin Ƙudus yana hannun sarakunan Girkawa da ke mulki daga Sham. Sarkin lokacin, Antiyokus na Huɗu, ya hana Yahudawa kaciya da kiyaye ranar Asabar, ya sa aka mai da babban ɗakin ibadarsu wurin yi wa gumakan Girka yanka. Wani dattijo daga gidan limamansu a garin Modi'in, mai suna Matatiya, ya ɗaga tutar tawaye shi da 'ya'yansa biyar. Bayan rasuwarsa ɗansa Yahuda, wanda ake yi wa laƙabi da Makabi, ya ja ragamar yaƙin har suka ƙwace ɗakin ibadar a shekara ta 164, suka tsarkake shi, suka sake buɗe shi ranar 25 ga watansu na Kislev. Wannan buɗewa ake tunawa da ita kwana takwas kowace shekara. Kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata guda a wasu shekarun don ta riƙa tafiya da yanayi, shi ya sa bikin ba ya wuce ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba wajen farawa. Kullum cikin sanyi yake zuwa a Turai da Amurka, kuma wannan zai yi mana amfani nan gaba.

Labarin man yana cikin Talmud, babban kundin malamansu da aka tattara ɗaruruwan shekaru bayan yaƙin. Sun ce da aka shiga ɗakin ibadar an tarar an ƙazantar da duk man zaitun da ake zuba wa fitilar wurin, sai ƙaramin tulu ɗaya da har yanzu hatimin babban limami ke bakinsa. Man ciki na kwana ɗaya ne, amma da aka kunna sai ya kai kwana takwas, har aka samu sabo. Tsofaffin littattafan da suka ba da tarihin yaƙin sun ambaci shagalin kwana takwas, ba su ambaci tulun ba. To amma labarin tulun ne ya shiga gidaje ya zauna.

Abin da addininsu ya ɗora musu a wannan biki shi ne kunna fitila: ɗaya a daren farko, biyu a na biyu, har takwas, a kan wani mazauni mai rassa tara, na taran shi ne kyandir ɗin da ake kunna sauran da shi. Ba a hana aiki ba, ba a kuma wajabta wani abinci ba. Cin soyayyen abu al'ada ce ta tunawa da man. Tun da kuwa ba a ƙayyade abin da za a soya ba, kowace al'umma ta soya abin da ke gabanta. Maimun bin Yusuf, mahaifin shahararren malamin nan kuma likita Musa bin Maimun, ya rubuta a ƙarni na 12 cewa kada a raina al'adar cin soyayyen ƙulli a Hanuka. Har gobe Yahudawan Maroko sfenj suke soyawa, ƙullin fulawa mai yis da huda a tsakiya. Zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492 suka bazu a Turkiyya da Girka suna yin bimuelos, su tsoma a zuma. A Italiya cuku mai laushi ake kwaɓawa da ƙwai a soya. Cukun ma yana da nasa labari, na wata mata mai suna Yahudit da aka ce ta ciyar da kwamandan abokan gaba cuku mai gishiri, ƙishi ya sa ya sha giya ya bugu, ta sare masa kai. Musa Isserles, babban malamin birnin Krakow da ya rasu a 1572, ya ambaci al'adar cin cuku a Hanuka saboda wannan.

Kin ga duk wannan tafiya ba mu haɗu da dankali ba. Ba za mu haɗu da shi ba kuwa, domin dankalin turawa ɗan tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka. Sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai, kuma ya daɗe ana yi masa kallon abincin dabbobi. Bai zama abincin yau da kullum a ƙasashen Folan da Lituweniya da Belarus da Yukren ba sai a ƙarni na 19. Wato abincin da maƙwabciyarki ke gani kamar tun kaka da kakanni, shekarunsa ba su fi ɗari biyu ba, bikin kuwa ya haura dubu biyu.

Ki duba halin matar gida Bayahudiya a wani ƙauyen Folan cikin Disamba a wancan zamani. Zaitun ba ya fita a ƙasar, mansa kuwa sai mai hali. Maƙwabtanta Kirista da man alade suke suya, ita haramun ne a gare ta. Man shanu yana da tsada a lokacin sanyi, kuma dokar abincinsu, wadda suke kira kashrut, ta hana haɗa nama da duk abin da ya fito daga nono a girki ɗaya ko a ci ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne kitsen dinya, babbar agwagwar nan mai dogon wuya. Ana kiwata ta tun kaka, a yanka daidai shigowar sanyi, a narkar da kitsen da albasa ya zama mai, suna kiransa shmalts. Wani a ci yanzu, wani a adana a tulu har bikin Fesak na bazara. Fatar da ta soyu a ciki ta yi ƙaras-ƙaras, wannan rabon yara ne. To a dokarsu tsuntsu ma nama ne, don haka ba dama a soya cuku irin na Italiya a cikin kitsen dinya. Sai aka koma garin hatsin ƙasar, irin su bokwit. Da dankali ya zo, ga araha, ga shi yana kwana watanni a rumbun ƙasa bai lalace ba, sai ya ture kowa. Maƙwabtansu ma suna soya irinsa ba don wani biki ba: a Belarus draniki, a Yukren deruni, a Jamus kartofelpufa. Abincin talakan yankin ne baki ɗaya, Yahudawa suka ɗora masa ma'anar mai.

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawan gabashin Turai sama da miliyan biyu suka yi hijira zuwa Amurka, da yawansu suka sauka nan Niyok inda kike, kuma da su latkes ya ƙetare teku. A nan kitsen dinya ya ba da wuri. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da man Crisco a 1911, daskararren mai na tsiro da ba nama ba nono a ciki, har a 1933 ya buga littafin girki da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, da Turanci musamman don matan Yahudawa. Da suya ta koma man tsiro sai ƙofa ta buɗe: yanzu ana iya cin latkes da kirim mai tsami, abin da kakarsu mai kitsen dinya ba za ta taɓa yi ba. Daga nan gardamar da har yau ba ta ƙare ba ta samo asali, wasu su ce da dafaffiyar tuffa ake ci, wasu su ce da kirim. Idan akwai nama a teburin, a gidan da ake kiyaye doka tuffa ce kawai za ki gani. Suna son irin wannan musu na raha, har Jami'ar Shikago tun 1946 take shirya muhawara inda manyan farfesoshi ke tsayawa da rigunan digiri wasu suna kare latkes, wasu kuma wani biskit mai kusurwa uku na wani bikinsu da ake kira Furim. A Isra'ila kuwa abin ya juya, wani donot mai jam a ciki da ake kira sufganiya shi ya mamaye bikin, a gidajen burodi ake sayensa, latkes ya zama na gida.

Kan abin da ke cikinsa, dankali ne da albasa da ƙwai da ɗan gari da gishiri da mai. Gidan da ke bin kashrut ba a shigar da alade, har ƙwai sai an fasa a kofi an duba ba ɗigon jini. Inda za ki yi tambaya shi ne idan an haɗo miki da nama, domin dokarsu ba ta hana giya ba, kuma wasu suna zuba ta a dahuwar naman ƙirjin sa da ake yawan ci a bikin. Na san kuma ba za ki so mai da kwano wayam ba. Idan maƙwabciyar mai tsananta bin doka ce, ba za ta ci abin da aka dafa a tukunyar da ba ta kashrut ba, komai tsabtarki, kada ki ɗauka raini ne. 'Ya'yan itace da ba a yanka ba, ko dabino da ke cikin kwalinsa da tambarin kosha, wato shaidar cewa ya cika dokar kashrut, irin harafin U cikin da'ira da kike gani a kayan kanti, ba mai mai da su.

Yanzu kicin. Matsalolinki uku, launin toka da shan mai da wargajewa, biyu daga ciki ruwa ne ya jawo su, ɗayan kuma iska da jinkiri.

Dankali kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ne. Da kin goga shi kin fasa masa jiki, ruwan zai fara fita, idan kuma kika sa gishiri sai ya ƙara gudu. In wannan ruwan ya shiga kasko, zafin man zai faɗi nan take, dankalin ya koma turara maimakon suya, bayansa ba zai yi ɓawon da zai tare mai ba, sai ya yi ta sha. Ga awon da zai ishi gida: dankali kilo 1, babbar albasa 1, ƙwai 2, fulawa babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, masoro kaɗan. Su sukan sa garin matsa, wato dakakken burodinsu marar yis, a madadin fulawa. Yana ba da ɗan garɗi, amma fulawa ta wadatar. Wannan awon zai ba ki guda goma sha shida zuwa ashirin.

A Amurka ki nemi russet, dogon nan mai kaushin baya launin ƙasa, shi ya fi sitaci ya fi ƙarancin ruwa. Masu karatu a gida da za su yi da dankalin Jos su sani galibinsa mai santsi ne, sitacinsa bai kai na wancan ba, sai a ƙara matsa da kyau a kuma ƙara cokali ɗaya na fulawa. Kada a yi da wanda ya kwana biyu a firji, sanyi yana mai da sitacinsa sukari, zai yi baƙi a waje ciki bai nuna ba. Duk inda ya yi kore a yanke a yar, yana da ɗaci kuma ba shi da kyau ga ciki.

Ki fere, ki bar su ɗungum cikin ruwan sanyi, kada ki goga ko ɗaya sai komai ya kammala a gabanki: ƙwai a fashe, kasko a kan wuta, ƙyalle a shimfiɗe. Launin tokan nan da kika gani wani sinadari ne a jikin dankalin da ke haɗuwa da iska, ya fara da ruwan hoda, ya koma toka, ya ƙare a baƙi. Ba ya cutarwa, muni ne kawai, maganinsa kuma sauri. Ki goga a gefen greta mai manyan huda, ki riƙa sa albasa tsakani, dankali biyu, ɓarin albasa, ki cakuɗa, don ruwan albasa yana rage saurin canjin launin. Bilenda kam a'a, kunu za ta yi miki. Akwai gidajen da ke gogawa a ƙananan huda ya yi laushi kamar ƙulli, nasu yana fitowa da taushi a ciki, kuma suna rantsuwa shi ne na asali. Ni dai ina tare da masu manyan huda, domin gefen nan mai zare-zare da ke karyewa a haƙori shi ne daɗin abin.

Sai matakin da nake zargin kin tsallake. Ki juye gogaggen a ƙyalle mai tsabta, irin na tatar koko, kashi biyu ko uku, ki tattara bakin ki murɗa a kan kwano. Ki murɗa har hannunki ya gaji, ki huta, ki sake. Za ki yi mamakin ruwan da zai fito, daga kilo ɗaya yakan kusa cika kofi. Kada ki zubar tukuna. Ki bar kwanon ya zauna minti biyar, ki tsiyaye ruwan saman a hankali, za ki ga wani farin abu ya kwanta a ƙasa, mai tauri in kin danna, mai narkewa in kin saki. Sitacin dankalin ke nan, shi ne ainihin abin da ke riƙe latkes kada ya wargaje. Ki kankare shi ki mayar cikin dankalin, sannan ƙwai da fulawa da masoro. Gishiri a ƙarshe, lokacin da man ya riga ya yi zafi. In kin dunƙula a hannu ya kamata ya tsaya ba ya ɗiga.

Kasko mai nauyi ya fi, don ba ya saurin hucewa. Man gyaɗa ko na kanola duk sun yi. Man zaitun ya fi dacewa da labarin, amma mai kyaunsa yana saurin hayaƙi, ga tsada. Mutane da yawa suna rage mai wai don kada abin ya yi maiƙo, alhali ƙarancin man ne ke sa shi hucewa da wuri ya shige cikin abinci. Ki zuba ya kai kaurin rabin santimita ko fiye kaɗan, yadda zai hau rabin jikin kowane guda. Zafin da ake so digiri 175 zuwa 180 ne a ma'aunin Salsiyas. In ba ma'auni, ki yi yadda mai ƙosai ke yi kafin ta fara sakin ƙulli: ki jefa zare ɗaya, in ya taso nan take yana kumfa to ya yi, in ya nutse shiru ki jira, in man na hayaƙi ki rage wuta.

Ki ɗebo cikin babban cokali, ki ɗan matse a tafin hannu, ki sa a mai, ki danna da bayan cokali ya baje, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya. Huɗu ko biyar a lokaci guda, da tazara tsakaninsu. Sannan ki cire hannu. Ban da ruwa, wargajewar da kika gani takan zo daga taɓawa da wuri, ana son a leƙa ƙasansa a gani. Ki bar shi minti uku zuwa huɗu har gefen ya yi ja sosai, lokacin zai saki kaskon da kansa. Ki juya sau ɗaya tak, ki juya shi ta nesa da jikinki saboda fallatsar mai. Kafin zubi na gaba ki tsame ɓurɓushin da ya zube da matsami, in ba haka ba zai ƙone ya sa wa sauran ɗaci da baƙin ɗigo, kuma ki ba man minti ɗaya ya dawo da zafinsa. Kina cikin suya za ki ga ruwa ya sake taruwa a gindin kwanon haɗin. Kada ki yaƙe shi da fulawa, za ki ƙare da abu mai danƙo. Ki karkata kwanon ruwan ya koma gefe, ki ci gaba da matse kowane ɗiba.

Wanda ya fito kada ki jibga shi kan ɗan'uwansa, kada kuma ki rufe a kula, tururinsa zai mai da duk wahalarki banza cikin minti goma. Ki jera su ɗai-ɗai a kan ragar waya ko takarda, ki barbaɗa ɗan gishiri tun da zafi. Shi ya sa a gidajensu mai suya ba ta cika zama ba, ana tsaye a bakin kicin ana ɗauka yana fitowa. Akwai ma al'adar cewa mata ba sa aiki a rabin awar farko da fitilun ke ci, sai a tsara suyar kafin kunnawa ko bayanta. Ranar Juma'ar da ta faɗo cikin bikin kuma dole a gama komai kafin faɗuwar rana, tun da ba sa kunna wuta ranar Asabar.

Tuffar ba ta da wuya: guda biyar, a fere a yanka, ruwa rabin kofi, ɗan kirfa, a rufe a kan ƙaramar wuta kamar minti 20 har ta yi lugub, a dame da cokali. Sukari sai in tana da tsami ƙwarai. A wurina ita ta fi, sanyinta da ɗan tsaminta suna yanke maiƙon. Mai son ɓangaren nono in bai samu kirim ɗin ba, kindirmo da aka tace a ƙyalle ya yi kauri ya wadatar. Ana kuma yi da dankalin Hausa, Amurkawa sun saba da shi yanzu, sai dai yana da sukari, a rage wuta kaɗan a ƙara ƙwai ɗaya don ba ya riƙe kansa sosai.

Idan baƙi za ki yi, ki soya da wuri ki jera a tire cikin oben mai zafin digiri 100 na Salsiyas, zai jira ki kamar awa ɗaya. Wanda ya rage yana daskarewa lafiya: ki jera a firiza ɗai-ɗai sai sun yi ƙanƙara sannan ki zuba a leda. Ranar ci, daga firiza kai tsaye zuwa oben mai zafin digiri 200 na Salsiyas, minti goma zuwa sha biyar. Ban da makirowef, zai dawo miki da shi laƙwas. Haɗin ɗanye kuwa ba ya kwana, iya abin da za ki soya a zama ɗaya za ki goga.